Fuskar Ƙanena a Tsohon Hoton Mahaifinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka sam mini fili in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa za su ɗauka ƙarami ne, wato kamannin da ake gani tsakanin iyaye da 'ya'yansu idan aka buɗe tsofaffin hotuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hoto guda ɗaya da ya zo hannuna watannin baya, wanda ya kashe bakin wata magana da ta yi kusan shekara talatin tana yawo a gidanmu, ya kuma sa na zauna na yi ta karance-karance a kan yadda gado yake bayyana a fuskar ɗan Adam.

Mu shida ne a wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma biyar daga cikinmu duk wanda ya gan mu ba sai ya tambaya ba, domin muna da doguwar fuska da faffaɗan goshi da tsinin haɓa irin waɗanda aka san shi da su. Ƙanena na huɗu shi ne ya fita daban. Tun yana goye fuskarsa a zagaye take, kumatunsa a cike, kunnuwansa sun ɗan buɗe waje, kuma fatar idonsa na hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Baƙi idan sun zo sukan gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya, in an zo kansa sai su ce, "Wannan kuma ɗan wane ne?" Akwai wata 'yar uwa da ba ta taɓa ganinsa ba tare da ta ce masa, "Kai dai ban san wa ka biyo ba," wani lokaci ma ta ƙara da cewa ko tsintarsa aka yi. Da wasa ake faɗa, a yi dariya a wuce, amma yaro ba ya wucewa tare da masu dariya. Ba na manta ranar da na same shi yana ɗan shekara tara a gaban madubi, ya sa tafukansa biyu ya matse kumatunsa, da ya gan ni sai ya ce, "Yaya, in na riƙa matsewa kullum, fuskata za ta koma irin ta Baba?" Dariya na yi masa a ranar, kuma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Sai da na girma kuma na gane cewa ba shi kaɗai maganar take suka ba, domin duk lokacin da aka yi ta a gaban mahaifiyarmu sai ta yi shiru ta sami wani aiki ta kama.

Bayan rasuwar Baba, goggonmu, wato ƙanwarsa, ta kira ni ta ciro wani tsohon ambulan daga ƙasan akwatinta ta miƙo mini. A ciki akwai hoto baƙi da fari wanda bai wuce tafin hannu ba, an yanka gefensa kamar haƙoran zarto, kusurwa ɗaya ta karye, takardar kuma ta fara komawa ruwan ƙasa saboda daɗewa. Wani mutum ne a tsaye, ya ɗora hannunsa ɗaya a kan bayan kujera, ya ɗan karkata kansa hagu. Kumatu a cike, kunnuwa a buɗe, ga fatar idon nan ta hagu da ta sauka. Na ce, "Goggo, yaushe ƙanena ya ɗauki wannan hoto ban sani ba?" Ta ce, "Duba da kyau, ɗana. Ubanku ne wannan, yana da shekara talatin da 'yan kai, tun kafin ya auri innarku." Na zauna na ƙura wa hoton ido na daɗe ban ce komai ba, domin mutumin da ke ciki da ƙanena, wanda shi ma yanzu shekarunsa ke nan, kamar an tsaga kara. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, sai ta ce ta sha faɗa, amma wa zai yarda da maganar mutum ɗaya alhali ga fuskar mai gida kowa yana gani. Ta yi gaskiya, gani ya kori ji, kuma abin da muke gani kullum shi ne dattijon da shekaru suka ramar, sanƙo ya faɗaɗa masa goshi, kumatu suka zube har haɓa ta fito.

A nan ne na fahimci abin da nake son masu karatu su lura da shi, wato kamannin gado suna da lokacinsu. Idan muka ce yaro ya yi kama da ubansa ko bai yi ba, muna gwada fuskar ɗan shekara biyar ne da ta ɗan shekara arba'in, alhali fuska ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Jariri yana zuwa da babban ƙoƙon kai da ƙaramar haɓa da hanci a kwance, sai lokacin balaga ƙashin hanci da muƙamuƙi su miƙe, musamman ga maza, daga baya kuma kitsen fuska ya ragu ko ya sauka, fata ta saki, gashi ya janye baya, haƙora in sun zube bakin ma ya sauya fasali. Gwajin da ya fi adalci shi ne a ajiye uba da ɗa, ko uwa da 'ya, suna da shekaru ɗaya, kuma wannan abu ne da rayuwa ba ta taɓa yarda da shi ba, tunda ranar da ɗa ya kai talatin ubansa ya riga ya yi nisa da ita. Hoto ne kaɗai yake iya tsayar da uba a shekara talatin ya jira ɗansa ya iso.

Yana da kyau mu tuna cewa wannan dama sabuwa ce ƙwarai a tarihin duniya. Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara wanda ya tsira zuwa yau, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826 zuwa 1827, kuma sai da farantin ya yi awanni masu yawa yana shan haske kafin siffar ta kama. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Faransa, wadda ta buɗe ƙofar ɗaukar hoton mutane, sannan a 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda mutum zai iya riƙewa da kansa ya ɗauki hoto ɗari ba tare da ya koyi sana'ar ba. Ke nan shekara ɗari biyu kacal ake magana. Duk al'ummomin da suka shuɗe kafin nan, in ban da masu mulki da masu dukiyar da za su iya ɗaukar mai zane, sun rayu sun mutu ba wanda ya taɓa ganin fuskar mahaifinsa a ƙuruciya, sai dai abin da tsofaffi suka ba shi labari. Su masu mulkin kuwa zane-zanensu sun adana mana misalin da ya fi shahara, wato na gidan sarautar Habsburg a Turai, inda doguwar haɓa mai turowa gaba da leɓen ƙasa mai kauri suka yi ta bin zuriya ƙarni bayan ƙarni, har zuwa kan Sarki Charles na biyu na Sifen wanda ya rasu a 1700.

Dalilin da ya sa ɗa ɗaya yake ɗauko wata siffa ɗan'uwansa ya bar ta, masana sun yi bayaninsa. Kowane mutum yana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen da ke riƙe da ƙwayoyin gado, a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma abin da uba yake bai wa kowane ɗa rabin nasa ne wanda aka cakuɗa daga abin da shi ma ya gada a wurin iyayensa biyu. Ba a maimaita cakuɗa iri ɗaya sau biyu, in ba a wurin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ba. Shi ya sa 'yan'uwa ciki ɗaya suke haɗa kusan rabin abin da suka gada, wasu su ɗan haura rabi wasu su gaza, jika kuma yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga kowane kaka. Fuska kuwa ba ƙwayar gado ɗaya ce take gina ta ba, domin masu bincike sun gano fiye da wuri ɗari a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, da suke da hannu a tsawon hanci da faɗin goshi da tazarar idanu da sauransu. Tun a 1865 wani masani mai suna Gregor Mendel ya gabatar da sakamakon gwajin da ya yi shekaru yana yi da wani nau'in wake a birnin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, inda ya nuna cewa siffa tana iya ɓacewa gaba ɗaya a tsatso na farko, sannan ta sake ɓullowa a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsatso na biyu. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya daɗe da rasuwa, amma abin da ya gani shi ne abin da kowace tsohuwa take gani idan ta ɗaga jariri ta ce hancin kakanta ne ya dawo.

Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne a wannan magana. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙorafin cewa matarsa ta haifi ɗan da launinsa ya saɓa da nasa. Manzon Allah ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu, mutumin ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya samo launinsa, mutumin da kansa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi, sai Manzon Allah ya nuna masa cewa ɗansa ma hakan na iya zama, bai kuma ba shi damar kore yaron ba. Haka nan ya tabbata cewa Sayyidina Abubakar ya taɓa ɗaukar Hasan a kafaɗarsa yana cewa da Annabi ya yi kama ba da Aliyu ba, Sayyidina Aliyu kuma yana dariya. Jika ne ya tsallake uba ya ɗauko kaka, uban kuma ya karɓi maganar da farin ciki. Da 'yar uwar nan tamu ta riƙe waɗannan hadisai biyu, da ƙanena bai tsaya gaban madubi yana matse kumatu ba.

Duk da haka, Malam Edita, ba na son a ɗauka ina cewa ido alƙali ne da za a dogara da hukuncinsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a batun kamanni yakan ga abin da aka riga aka faɗa masa. A 1982 wasu masu bincike biyu a Kanada, Martin Daly da Margo Wilson, sun lura cewa idan aka haifi jariri, uwa da danginta sun fi yawan cewa da uba ya yi kama. A 1995 an buga wani bincike a mujallar Nature da ya ce 'yan shekara ɗaya sun fi kama da iyayensu maza, labarin ya bazu ko'ina, amma da wasu masana suka sake gwajin bayan 'yan shekaru ba su sami hakan ba, sai suka ga ana gane uwa da uba kusan daidai wa daida. Wani gwajin da aka yi a Italiya a 2002 ya fi ba ni mamaki, domin an nuna wa mutane hotunan manya da yara, kuma duk inda aka ce musu waɗannan uba ne da ɗansa sai su ga kama ta ƙaru, ko da babu wata dangantaka a tsakaninsu. Saboda haka ni kaina sai da na yi shakkar idona. Na ɗauki hoton Baba na kai wa wani abokin aikin ƙanena wanda bai taɓa ganin mahaifinmu ba, ban ce masa komai ba, yana dubawa ya ambaci sunan ƙanena, ya tambaya ko da gangan aka mayar da hoton ya zama kamar na da. Sannan ne hankalina ya kwanta. Amma da bai gane ba ma, ƙanena ɗan Baba ne kamar yadda yake tun ranar da aka haife shi, domin rashin kama ba ya kore nasaba, kamar yadda kama ba ta tabbatar da ita.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda shi ma yana cutarwa ko da yake da yabo yake zuwa. Idan yaro ya ɗebo uba kamar ya yi kaki ya tofar, sai a ɗora masa kayan uban duka, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a sa ran zai yi ilimin uban da haƙurinsa, ko kuma, in uban yana da wani aibi, a fara zargin yaron da shi tun bai yi wayo ba. Na ga matar da ta tsani ganin ɗanta don kawai fuskarsa tana tuna mata da mijin da ya wulaƙanta ta. Alhali Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. Akwai wani sanannen hoto da aka ɗauka a birnin Balin na Jamus a 1913, na Sarki George na biyar na Ingila da Sarki Nicholas na biyu na Rasha suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, gemu iri ɗaya, idanu iri ɗaya, har mutum ya rasa wane ne wane. Iyayensu mata 'yan'uwan juna ne, 'ya'yan Sarki Christian na tara na Denmak. Shekara huɗu bayan hoton Nicholas ya rasa mulki, a 1918 aka kashe shi tare da iyalinsa, George kuwa ya ci gaba da sarauta har ya rasu a 1936. Fuska ɗaya ce, amma kowa da abin da aka rubuta masa.

Wani abu da na lura da shi a hoton Baba shi ne ba tsoka da ƙashi kaɗai ne suka haɗa shi da ƙanena ba. Karkata kan nan zuwa hagu, da yadda ya ɗora hannu a kan kujera yatsa ɗaya a miƙe, da yadda ya matse leɓe kamar mai shirin yin magana, duk haka ƙanena yake tsayawa idan za a ɗauke shi hoto. Wani ɓangare na wannan jini ne, wani kuma koyi ne, tunda yaro yana tashi yana kallon yadda babba yake tsayuwa da zama da murmushi yana kwaikwaya ba tare da saninsa ba, shi ya sa ma ɗan riƙo yakan wayi gari yana kama da wanda ya rene shi. Shi kuwa mai kamar sau da yawa shi ne na ƙarshen ganewa, domin fuskar da ya saba da ita a madubi a juye take, damansa ya koma hagu, ba ita ce wadda mutane suke gani ba. Ranar da na kai wa ƙanena hoton, ya karɓa ya duba ya ce lallai Baba ya yi ƙiba a da. Sai da matarsa ta ciro nasa hoton a waya ta ajiye kusa da wancan, sannan ya yi shiru, ya sa babban yatsa yana shafa kusurwar da ta karye, idanunsa suka ciko. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, Inna ta ga wannan?" Na ce daga nan wurinta za mu.

Saboda wannan nake roƙon masu karatu, ta hannunka, su koma kan tsofaffin hotunan da ke gidajensu tun kafin su lalace. Danshi yana manne su da juna ya ci fuskokin, rana tana koɗar da su in an rataye su inda take bugawa, gara da kyankyaso ba sa raga musu, kuma hotuna masu kala na shekarun 1970 da 1980 sun fi baƙi da fari saurin dusashewa. Kada a liƙa su da gam ko salatif, kada kuma a kai su a rufe da leda mai zafi, domin in an yi haka ba a sake raba takardar da ledar ba tare da ɓarna ba. A ajiye su a busasshen wuri mai duhu, a ɗauki kowane da waya a cikin haske mai kyau a rarraba wa 'yan'uwa, don kada ya zama kwafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin da suka rage a tambaye su wane ne wannan, a ina, wajen wace shekara, a rubuta a bayan hoton da fensir, ba da biro ba, saboda tawadar biro tana iya ratsa takarda ta ɓullo ta gaba.

Ina da damuwa kuma a kan hotunan da muke ɗauka yau, waɗanda su ne za su zama tsofaffin hotunan jikokinmu. Wayoyi da yawa suna gyara fuska tun kafin mutum ya nema, su goge tabo, su haskaka fata, su rage faɗin hanci, su sirantar da haɓa, wato daidai wuraren da gado yake zaune su ake sharewa. Haka manhajojin da ake ba su tsohon hoto su sabunta shi su sa masa kala, ba dawo da abin da ya goge suke yi ba, cike gurbin suke yi da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane, sai ka ga an mayar maka da kakanka da idanu da haƙoran da ba nasa ba. Na gwada da hoton Baba, manhajar ta ɗaga masa fatar idon nan ta hagu ta daidaita ta da ta dama, ta cire ainihin alamar da na gane ƙanena da ita. Wanda yake son ya yi wannan gyara don sha'awa ya yi, amma ya ajiye na asalin yadda yake, kuma kowa ya bar wa zuriyarsa ko da hoto ɗaya ne na fuskarsa kamar yadda Allah ya yi ta.

A cikin ambulan ɗin da Goggo ta ba ni akwai hoto na biyu, wanda ya fi na Baba tsufa, ya kuma fi shi koɗewa. Wata mata ce a zaune, ta haɗa hannuwanta a kan cinya, tana duban kyamara kai tsaye ba murmushi. Girarta ta dama tana da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, haɓarta kuma tana da ɗan tsagi a tsakiya, irin wanda babbar 'yata take da shi, wanda ni da mahaifiyarta muka daɗe muna tambayar juna daga ina ta samo shi. Na tambayi Goggo wace ce, ta juya hoton ta duba bayansa, babu rubutu ko ɗaya. Ta ce a cikin kayan mahaifiyarsu ta same shi, tana jin daga ɓangarenta ne, amma mutum ɗaya da zai iya faɗin sunan matar shi ne Baba. Na zaga wurin sauran dattawan danginmu uku da suka rage, kowa ya riƙe hoton ya kai shi kusa da ido ya ce lallai jininmu ce, ba wanda ya san sunanta. Na sa shi a sabon ambulan tare da hoton 'yata, na rubuta a bayansa da fensir ranar da aka ba ni shi da sunan wadda ta ba ni, na bar layi ɗaya a sama babu komai ko Allah zai kawo wanda ya sani.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.